Marayun Udawalawe: Renon Ɗan Giwa Don a Rabu da Shi

A shekarar 2009 aka saki wani fim na yara a tsibirin Siri Lanka mai suna Bindu, cikin harshen Sinhala, wanda Somaratne Dissanayake ya ba da umarni. Labarin shaƙuwa ne tsakanin yaran ƙauye da wani ɗan giwa, a irin ƙauyukan nan na bakin daji inda manomi da giwa kowa ke kwana da shirin ɗan'uwansa. Ba abin mamaki ba ne a yi wa yara irin wannan fim a can. Giwa tana sassaƙe a jikin tsofaffin wuraren ibadarsu na Buddha, ita ce ke ɗaukar akwati mai alfarma a bikin Esala Perahera da ake yi a birnin Kandy a watan Yuli ko Agusta, har ɗaya daga cikin tsofaffin jam'iyyun siyasar ƙasar giwa ce tambarinta. Yaron Sinhala da giwa yake buɗe ido.

Sai dai ɗan giwar da ya rabu da uwarsa a zahiri, ba a majigi ba, yana da inda ake kai shi. Tun 1995 akasarinsu gida guda ake nufa da su, a gefen gandun dajin Udawalawe da ke kudancin tsibirin, gidan da masu wurin ke kira Ath Athuru Sevana. Dokar wannan gida kuwa ta yi hannun riga da abin da zuciyar yaro ke so: ba a shafa ɗan giwa, ba a wasa da shi, ba a neman ya saba da mutum. Ana ciyar da shi dare da rana tsawon shekaru, duk don wata rana ya juya baya ya shiga daji kada ya sake waiwayo. Ni dai a ganina wannan shi ne mafi girman abin da aka taɓa yi wa ɗan giwa a ƙasar, kuma shi ne mafi wuyar bayyana wa yaro.

Yadda ake zama maraya

Siri Lanka ba ta da faɗi. Murabba'in kilomita 65,610 ce gaba ɗaya, mutanenta kimanin miliyan 22. Ƙidayar da aka yi a 2011 ta samu giwayen daji 5,879. Mai karatu da ya saba da labarin giwayen Afirka zai zaci farautar haure ce ke cinye su, amma ba haka ba ne. A cikin mazan giwayen Siri Lanka kusan kashi 7 cikin 100 ne kawai ke da haure, matan kuwa ba su da shi. Abin da ke kashe giwa a can rikicin gona ne. A 2019 giwaye sama da 400 suka mutu, mutane sama da 100 kuma giwa ta kashe su. A 2023 adadin giwayen ya haura 450, na mutane ya haura 150. Babu ƙasar da ake asarar giwaye a rikicin gona kamar wannan.

Tushen abin ƙasa ce. Giwaye suna zaune ne a ɓangaren tsibirin da ke da ƙarancin ruwan sama, wato arewa da gabas da kudu maso gabas. Shekaru aru-aru mutanen wannan yanki suna wani irin noma da suke kira chena: a sare wani yanki na daji, a ƙone, a shuka a damina, a girbe, a bar shi ya huta. Saurar da aka bari takan fito da ɗanyen tsiro da ciyawa, abincin da giwa ta fi so ke nan. Mutum na cin gonar a damina, giwa na ci da rani. Daga baya gwamnatoci suka shiga gina manyan madatsun ruwa. An datse kogin Walawe a shekarun 1960, an keɓe gandun Udawalawe a 1972 don kare ruwan madatsar da kuma ba namun dajin da aka tasa matsuguni. Daga 1977 aka hanzarta babban shirin madatsun kogin Mahaweli, aka share dazuzzuka, aka zaunar da dubban iyalai a filayen noman rani. Da yawansu daga wasu yankuna aka kwaso su, ba su gaji zama da giwa ba. Ƙasar da a da ake nomawa sau ɗaya a bar ta, yanzu shinkafa ce sau biyu a shekara, ga ayaba, ga kwakwa, ga rake. Ita kuwa giwa babba tana bukatar abinci kusan kilo 150 a yini, kuma ba ta mance hanyar da uwarta ta bi da ita zuwa ruwa.

Kafin a zargi manomi, a dubi darensa. Idan shinkafa ta fara nuna, ba ya kwana a gida. Yana da wata 'yar bukka da ya ɗaure a saman bishiya a bakin gona, da tsani na itace. Can yake hawa da magariba da tocila da gwangwanin bugawa da wasu abubuwan fashewa masu ƙara da hukumar namun daji ke rabawa don korar giwa. Giwa duk girmanta ba a jin takunta. Abin da yake kasa kunne ya ji shi ne ƙarar karyewar reshe, ko haushin karnuka daga wancan gefe. In ya ji, sai ya kwarma ihu, maƙwabta su amsa daga nasu bishiyoyin, a haska fitilu, a kunna abin fashewa a jefa. Garken mata da 'ya'ya yakan tsorata ya koma. Toron da ya saba kuwa ko gezau, yana ci ana ihu. Gari na wayewa mutum ya sauko ya tarar da aikin wata huɗu a tattake, ga bashin taki da iri a wuyansa. In ma ya samu ya girbe ya kai gida, toro na iya bin ƙanshin shinkafar ya rushe bangon ɗakin da aka ajiye ta, yara na barci a ciki. Manoman da ke kewayen gandun Yankari a Bauchi ba sa bukatar a yi musu dogon bayanin wannan dare.

Daga wannan ƙunci ne hanyoyin kisa suka fito. Akwai bindiga, akwai guba. Akwai waya da ake jonawa kai tsaye da wutar gida a zagaye gona, wadda ba razanarwa take yi ba, kashewa take. Akwai kuma hakka patas, wanda na fi jin ɗacinsa. Ɗan ƙaramin nakiya ne na haɗin gida, ana cusa shi cikin kabewa ko wani abin ci a ajiye a hanya, yawanci don aladen daji. Dabba na taunawa sai ya tashi a bakinta. Babbar giwa wani lokaci takan shinshina ta wuce, amma ɗan giwa komai ya gani sai ya kai baki. Muƙamuƙi ya farfashe, harshe ya tsage, ba ci ba sha, ya yi kwanaki yana yawo kafin ya faɗi. Ban da waɗannan akwai rijiyoyin noman rani masu faɗin baki marasa katanga, da magudanan ruwa na siminti masu santsi. Ɗan giwa ya zame ya faɗa, uwa ta yi ta kewaya har mutane su taru, a ƙarshe a kore ta ko ta haƙura ta bi garke. Ga jirgin ƙasa: a Fabrairun 2025 jirgi ɗaya ya kashe aƙalla giwaye 6 kusa da garin Habarana. Ta waɗannan hanyoyi ne ake wayar gari a tsinci ɗan giwa shi kaɗai, ko dai yana tsaye kan gawar uwarsa ko yana bin shanun ƙauye.

Pinnawala, da abin da aka koya a can

Ba Udawalawe ce farkon ƙoƙari ba. A da can kamen giwa sana'a ce: a gina katafaren shinge na gungume, a koro garke ciki, a ɗaure a horar. Na ƙarshe da aka yi shi ne na Panamure a 1950, ba nisa da Udawalawe, inda wani toro ya ƙi miƙa wuya har aka harbe shi, jama'a suka fusata, aka daina wannan kamu. A 1975 hukumar namun daji ta buɗe gidan marayun giwa na Pinnawala a wata gonar kwakwa mai eka 25 a bakin kogin Maha Oya, da 'ya'yan giwa 5. Ba da jimawa ba aka mayar da shi ƙarƙashin hukumar gidajen zoo.

Pinnawala ta ceci rayuka, wannan babu musu. Giwayen sun girma, sun hayayyafa tun daga 1984, har an samu tagwaye a 2021. Ta zama ɗaya daga cikin wuraren da baƙi suka fi zuwa a ƙasar, kullum ana kora garken ta tsakiyar layin shaguna zuwa wanka a kogi, mutane na ɗaukar hoto. Amma maraya da ya shiga Pinnawala ya shiga ke nan. Ya saba da hannun mutum, ya saba da muryar mai kiwonsa da sandarsa mai ƙugiya, in namiji ne ya balaga sai sarƙa a lokacin da jininsa ke tashi. Giwa kan kai shekara 60 ko fiye. Ke nan kowane maraya da aka ceta ya zama nauyin ciyarwa na rabin ƙarni, daji kuma ya yi asararsa har abada kamar dai ya mutu.

Wani likitan dabbobi na hukumar namun daji, Dakta Nandana Atapattu, shi ya tsaya kai da fata a gwada wata hanya: a rena maraya har ya yaye, sannan a mayar da shi daji. Mutane da yawa sun ga abin kamar mafarki, don an ɗauka giwar da ta sha madara a hannun mutum ba za ta iya rayuwar daji ba, garke ma ba zai karɓe ta ba. Aka buɗe gidan a 1995 da wata 'yar giwa da aka tsinta tana gararamba ita kaɗai, aka sa mata suna Komali. An zaɓi wurin da hikima: gefen tafkin madatsar, ga ruwa, ga ciyawa mai fitowa idan ruwa ya janye, ga giwayen daji na kai-komo a kusa.

Kowane awa uku

Ɗan giwa wata 22 yake yi a ciki, ya fito da nauyin kusan kilo 100, kuma yakan shekara biyu ko fiye madara ce ginshiƙin abincinsa. Wanda aka kawo gidan yawanci ya kwana biyu bai sha ba. Ido ya faɗa, fata ta yi yaushi, ga raunin tarko ko na faɗuwa, ga tsutsar ciki, ga firgici. Ana killace shi, a yi masa ƙarin ruwa, a wanke raunuka, a lulluɓe shi in dare ya yi sanyi. Makonnin farko su ne masu haɗari, kuma gaskiya ita ce da yawa ba sa tsallake su. Wani ciwo ne ke kashe shi, wani kuma sai ya ƙi abinci kawai ya kwanta. Madarar shanu ba ta karɓar cikin ɗan giwa, zawo take sa shi, zawo kuwa ga jaririn da ya riga ya rame ajali ne. Don haka madarar gari irin ta jariran mutane ake damawa, a auna gwargwadon shekaru da nauyi.

Wanda ya farfaɗo sai a haɗa shi da sauran. A nan ne ake ganin abin da likita ba zai iya yi ba. 'Yan matan garken, waɗanda su kansu ba su wuce shekara huɗu ko biyar ba, sukan kewaye sabon zuwa, su shinshina shi da hanci, wata ta ja shi ƙarƙashin cikinta ta riƙa tafiya da shi. Daga su yake koyon wace ciyawa ake ci, yadda ake fizge ta a kakkaɓe ƙasar a jikin ƙafa, yadda ake watsa ƙura a baya don ƙuda da rana. Garken, wanda sau da yawa yakan haura 40, yini yake yana kiwo a sake a bakin tafki. Babu sarƙa, babu hawa, babu koyar da wasa.

Madara kuwa kowane awa uku ake bayarwa, har cikin dare. Kafin lokaci ya cika sun riga sun taru a bakin ƙofa suna turereniya, ƙananan na kuka mai kama da ƙarar ƙaho. Ma'aikaci ya buɗe ya saki uku ko huɗu, su sheƙo a guje kunnuwa a baje zuwa wani shingen katako. A bayan shingen ma'aikata na tsaye, kowanne da mazurari mai tiyo a gindinsa. Ɗan giwa ya ɗaga hanci sama ya buɗe baki, a zura masa tiyon, a tuttula madara daga jug, kafin ka ƙifta ido ta ƙare. Sai a kaɗa shi gaba. Akwai mai wayon da zai zagaya ya sake shiga layi, ma'aikatan sun san shi, tsawa ɗaya za a yi masa ya wuce yana gunaguni zuwa inda aka zube ganye. Duk abin bai fi 'yan daƙiƙu ba ga kowanne, kuma da gangan aka yi shi haka. Baƙi da 'yan makaranta suna kan wani dandamali can nesa, bayan shinge. Ba mai miƙa hannu, ba mai ba da kwalba.

Na san akwai wanda zai ga rashin tausayi a nan. Jariri ne, ya rasa uwa, me zai hana a rungume shi? Amsar tana nan a bakin titin da ya bi ta kudancin gandun. Shekara da shekaru wasu toraye na tsayawa a jikin shingen wayar lantarki da aka yi wa gandun suna jiran masu wucewa, mutane na sayen ayaba da kankana a rumfunan gefen hanya suna jefa musu. A hanyar Buttala zuwa Kataragama ma har tare motoci suke, su zura hanci ta taga. Kowa na jin ya yi alheri. Amma giwar da ta koyi cewa wurin mutum akwai zaƙi, tsoronsa ya fita daga ranta, gobe ita ce a gonar rake, jibi a bayan ɗaki. Ƙarshenta harsashi ne ko waya ko mota. Tsoron mutum shi ne garkuwar giwar daji, kuma duk shafar da aka yi wa maraya ana rage masa wannan garkuwa ne. Ma'aikacin da ya tashi ƙarfe uku na dare ya dama madara, ya san kowanne da sunansa da halinsa, sannan ya hana kansa ko dafa masa kai, ba ƙarancin ƙauna ke damunsa ba.

Madarar tana cin kuɗi ƙwarai, shi ya sa aka buɗe tsarin iyayen riƙo: mutum ko kamfani ko makaranta su ɗauki nauyin ɗan giwa guda, a ba su damar raɗa masa suna da halartar ranar sakinsa. Ƙungiyar Born Free ta Birtaniya ma ta daɗe tana tallafa wa gidan. Akwai kuma waɗanda ba za su taɓa komawa daji ba, irin su Namal, wanda ya rasa ƙafar baya tun yana ƙarami aka yi masa ta roba.

Ranar saki

Idan maraya ya kai kimanin shekara biyar, ya daina dogaro da madara, sai a fara shirin rabuwa. Ba a sakin ɗaya shi kaɗai. Ana zaɓar waɗanda suka shaƙu da juna a sake su tare, don su zama wa juna dangi kafin su samu garke. A ɗaura wa wasu abin wuya mai na'urar bin sawu, a loda su a babbar mota zuwa can cikin gandu. Kafin a buɗe musu, sai a dama kashin giwa da ruwa a kwarara musu a jiki, don warin mutum ya gushe kada na daji su guje su. An yi sakin farko a 1998. Daga lokacin zuwa yau an mayar da fiye da 100, mafi yawa cikin Udawalawe, wasu a gandun Maduru Oya da Lunugamvehera.

Masu bin sawunsu sun ga wasu sun shige garken daji an karɓe su, wasu sun ci gaba da yawo a ƙungiyarsu ta marayu, mazan kuma da suka tasa sun ware kamar yadda kowane toro ke yi. Babbar shaida ita ce matan da aka rena da mazurari sun haihu a daji, sun shayar, sun rena 'ya'yansu ba da taimakon kowa ba. Abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu. Wasu kuma sun mutu bayan saki, wasu ma ta hannun mutum, ta hanyoyin da suka kashe iyayensu.

Wannan shi ne iyakar ƙarfin gidan, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Yana gyara ɗan giwa ya mayar da shi cikin rikicin da ya maraitar da shi. Gandun Udawalawe bai wuce murabba'in kilomita 308 ba, kuma akwai iyakar bakin da ciyawarsa za ta ciyar. An ga abin da cusa giwaye a gandu ke haifarwa. A 2005 zuwa 2006, saboda faɗaɗa noman rani a gefen hagu na wannan kogi na Walawe, aka yi gangamin kora giwaye sama da 200 zuwa gandun Lunugamvehera aka rufe da waya. Waɗanda suka koru mata ne da 'ya'ya, marasa laifin. Torayen da ke fasa gonaki sun zille sun yi zamansu. Na cikin wayar abinci ya gaza musu, suka rame, 'ya'ya suka yi ta mutuwa, manoma kuma ba su huta ba.

Akwai wata barazanar da ta fito daga son ɗan giwa kansa. A Siri Lanka mallakar giwa alama ce ta arziki da daraja, ana kuma neman su don bukukuwan addini. Giwayen gida ba su wuce kimanin 200 ba, suna tsufa, doka kuma ta hana kamo na daji. Sai aka shiga satar 'ya'ya daga daji, a yi musu takardun jabu a ce a gida aka haife su. Masu fafutuka sun sha faɗin cewa ba a raba ɗan giwa da uwarsa cikin lalama, sau da yawa sai an kashe ta. Daga 2015 hukumomi suka ƙwace kusan 40 daga hannun masu kuɗi da masu faɗa a ji, aka ajiye wasu a Pinnawala wasu a Udawalawe ana jiran shari'a. A watan Agustan 2021 gwamnati ta fitar da sababbin ƙa'idoji kan giwayen gida. Wasunsu masu kyau ne: an hana sa ɗan ƙasa da shekara biyu aiki ko raba shi da uwarsa, an hana mai kiwo shan giya a bakin aiki, an hana sa giwa a fim sai na gwamnati ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Amma ƙa'idojin sun sassauta hanyar rajista, kuma a watan da ya biyo baya kotu a birnin Kolambo ta ba da umarnin mayar da fiye da 10 daga cikin waɗanda aka ƙwace ga mutanen da aka karɓe su a hannunsu. Ƙungiyoyin kare muhalli suka garzaya kotun ɗaukaka ƙara. Waɗannan giwaye dai an riga an cuce su, don sun saba da sarƙa tun suna ƙanana.

Shi ya sa nake ganin masu shirya wa yara fim a kan giwa suna ɗauke da amana mai nauyi. Ba na zargin fim da satar giwa, kuma yaron da ya yi kuka don ɗan giwa a majigi ya fi kusa da ƙin dasa nakiya a kabewa idan ya girma. Wannan riba ce ta gaske. Amma hoton yaro rungume da hancin ɗan giwa yana koyar da abu biyu a lokaci guda: ka ji tausayinsa, kuma ka so ya zama naka. Na biyun ne ke cika rumfunan ayaba a bakin waya, shi ne kuma ke sa attajiri ya ga gidansa bai cika ba sai da giwa a ɗaure. Ɗan manomin da ubansa ke kwana a kan bishiya ma yana cikin masu kallo, kuma ya san giwa ba abokiyar wasa ba ce. Labarin da zai girmama shi dole ya nuna gonar da aka tattake ba tare da mayar da ubansa mugu ba. Motocin makarantu da ke tsayawa a Udawalawe, yara su hau dandamali su kalla daga nesa, suna ba da darasin da ya fi wuya: ga shi kana so, kuma ba za ka taɓa shi ba.

Abin da zai rage masu shigowa gidan ba a gidan yake ba. Dakta Prithiviraj Fernando da abokiyar aikinsa Jennifer Pastorini sun shafe shekaru suna bin giwaye da na'ura, kuma binciken da suka yi a faɗin tsibirin ya nuna giwa na rayuwa a kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wuraren da take yawo wurare ne da mutane ke zaune, ba gandun gwamnati ba. Ke nan tunanin tattara giwaye duka a kulle a gandu bai taɓa dacewa da gaskiyar ƙasar ba. An kafa shingen wayar lantarki sama da kilomita 4,000, mai yawa daga ciki a kan iyakar gandu da wani dajin, giwaye a ciki giwaye a waje, torayen kuma sun koyi kayar da turaku da ƙafa ko jefa itace a kan waya.

Shawararsu ita ce a sauya wurin wayar. Maimakon a kewaye giwa, a kewaye abin da ake son karewa. Ƙauye ya samu wayarsa ta dindindin a bakin gidaje da lambuna. Fadamar shinkafa kuma manoma su kafa mata waya mai aiki da hasken rana idan sun shuka, su kwance ta bayan girbi su ajiye, giwaye su shigo su ci ragowar kara da ciyawa da rani kamar yadda suke yi a zamanin chena. An gwada a ƙauyukan yankin Galgamuwa da wasu wurare, ɓarna ta ragu sosai, saboda wayar tasu ce: a bakin ƙofarsu take, su suka zuba kuɗi da ƙarfi, su ke share ciyawar ƙarƙashinta, in ta lalace a ranar ake gyarawa. A 2020 wani kwamiti da shugaban ƙasa ya naɗa, Fernando na jagoranta, ya miƙa cikakken tsarin aiki na ƙasa da aka gina a kan wannan. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, ga matsin tattalin arzikin 2022 da ya tsayar da abubuwa da dama, 'yan siyasa kuma sun fi samun tafi idan suka yi alkawarin kora giwaye ko raba wa manoma bindigogi. Ƙauyukan da suka samu wayar suna kwana a gida, saura kuma har yanzu suna jiran a kawo musu turaku da batir.